Babi na Tara: Abin da Ke Komowa da Abin da Ke Taruwa

A lissafi, ƙa'idar da ke ɗaukar kowace lamba x ta ba da wata lamba guda f(x) ana kiranta fanshin, kuma ana cewa fanshin mai zagaye ne idan akwai wata lamba T da ta fi sifiri wadda za ta sa f(x + T) = f(x) a kowane x, wato duk abin da ya yi a wani wuri sai ya sake yin irinsa daidai idan aka matsa gaba da T. Mafi ƙanƙantar lambar da ke da wannan hali ita ce tsawon zagayen. Fanshin sin x da cos x suna komowa bayan 2π, tan x yana komowa bayan π, ita kuwa wutar lantarkin da ake rabawa a Najeriya da Nijar an tsara ta ne ta yi zagaye 50 a cikin sakan ɗaya, don haka tsawon zagayenta sakan 0.02 ne.

Ilimin kalkulas, wanda Isaac Newton da Gottfried Leibniz suka kafa kowa ta hanyarsa a rabi na biyu na ƙarni na 17, yana tsaye ne a kan ayyuka biyu. Na farko shi ne deribatif, wanda ake rubutawa f′(x), ma'anarsa kuma saurin da fanshin ke sauyawa a daidai wurin x, ko kuma tsananin hawa ko gangarar zanensa a wurin. Na biyu shi ne intigiral, wato tara abin da fanshin ke bayarwa daga wani wuri zuwa wani, inda ake lissafa abin da ya fi sifiri a matsayin kuɗin da ya shiga asusu, abin da ya gaza sifiri kuma a matsayin kuɗin da ya fita. Da yake kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan yana warware abin da ɗan'uwansa ya yi, mai karatu zai iya zaton cewa halinsu ɗaya ne game da zagaye. Zaton ba daidai ba ne, domin deribatif yana gadon zagayen ba tare da wani sharaɗi ba, intigiral kuwa ba ya gadonsa sai an cika sharaɗi guda mai tsanani.

Hujjar ɓangaren farko gajeriya ce. Ana samun f′(x) ne ta hanyar duba abin da [f(x + h) − f(x)] / h yake kusanta yayin da h ke ƙanƙancewa zuwa sifiri. Idan aka sa x + T a madadin x, saman wannan rabon zai zama f(x + T + h) − f(x + T), amma tun da f yana komowa bayan T, lamba ta farko daidai take da f(x + h), ta biyu kuma daidai take da f(x), saboda haka rabon bai sauya ba ko kaɗan, abin da yake kusanta ma ba zai sauya ba. Ke nan f′(x + T) = f′(x). Haka zancen yake ga deribatif na biyu da na uku, muddin dai suna nan.

Akwai wata tambaya da littattafan koyarwa da yawa ke tsallakewa, alhali ta cancanci a tsaya a kanta: shin deribatif zai iya komowa da wuri fiye da fanshin da ya haife shi? A ɗauka f′ yana komowa bayan wata lamba S da ta gaza T. To bambancin f(x + S) − f(x) deribatif ɗinsa sifiri ne a ko'ina, abin da ke nuna cewa bambancin lamba ce tsayayya, a kira ta c. Idan haka ne, duk lokacin da aka matsa da S sai f ya ƙaru da c, bayan matsawa dubu kuma ya ƙaru da 1000c. Sai dai fanshin mai zagaye wanda zanensa ba ya yankewa yana da iyaka ta sama da ta ƙasa da ba ya wucewa, domin duk abin da zai yi ya riga ya yi shi a cikin zagaye guda, don haka babu makawa c sifiri ce, wanda hakan ke nufin f da kansa yana komowa bayan S, alhali an ce T ce mafi ƙanƙanta. Tsawon zagayen deribatif daidai yake da na asali, ba ƙari ba ragi.

Deribatif ɗin fanshin mai zagaye yana da wata alama ta daban. Idan aka tara f′ a kan zagaye cikakke, sakamakon shi ne f(T) − f(0), wato sifiri, domin duk hawan da aka yi sai an sauko shi kafin a dawo inda aka fara. Wannan ya tilasta a sami wuraren da deribatif ke zama sifiri a cikin kowane zagaye, a kan tudu da cikin kwari, ƙa'idar da ake jingina wa Michel Rolle, wanda ya wallafa wani nau'inta a Faransa a 1691. Abin kiyayewa kawai shi ne ba kowane fanshin mai zagaye ke da deribatif a ko'ina ba. Zanen |sin x| yana da kusurwa mai tsini a 0 da π da 2π, inda gangara ke juyewa hawa farat ɗaya, kuma a 1872 a Balin Karl Weierstrass ya gabatar da wani fanshin da ya harhaɗa daga cos masu yawa marasa iyaka, wanda ba ya yankewa amma ba shi da deribatif a ko da wuri ɗaya.

A ɓangaren intigiral ne gizo ke saƙar. Misali mafi sauƙi shi ne 1 + cos x, wanda yake komowa bayan 2π, yana kai da komowa tsakanin 0 da 2. Intigiral ɗinsa daga sifiri shi ne x + sin x, kuma wannan ba ya komowa har abada: a x = 2π ya kai kimanin 6.28, a 4π ya kai 12.57, haka zai yi ta hawa yana ɗan tangaɗi a kan hanya. Dalili a bayyane yake, tun da abin da ake tarawa bai taɓa gaza sifiri ba, babu abin da zai rage tarin.

Ana iya faɗin ƙa'idar gaba ɗaya kamar haka. A kira F(x) abin da aka tara na f daga 0 zuwa x. Bambancin F(x + T) − F(x) shi ne abin da aka tara tsakanin x da x + T, deribatif ɗin wannan bambancin kuma shi ne f(x + T) − f(x), wanda sifiri ne, don haka bambancin lamba ce tsayayya A wadda ba ruwanta da inda aka fara ƙirgen zagayen. Idan A sifiri ce, F yana komowa bayan T. Idan ba sifiri ba ce, kowane zagaye yana ƙara A a kan abin da aka riga aka tara, F kuma ba zai taɓa dawowa inda ya baro ba. Idan aka raba A da T ana samun matsakaicin f, a kira shi m, sannan ana iya rubuta F(x) = mx + P(x), inda P fanshin ne mai zagaye. Ma'ana, intigiral ɗin kowane fanshin mai zagaye miƙaƙƙen layi ne da aka ɗora wa igiya mai lanƙwasa, kuma matsakaici shi kaɗai ke yanke hukuncin ko layin a kwance yake ko yana hawa. Lambar da ake ƙarawa a ƙarshen kowane intigiral, wato C, ba ta da ta cewa a nan, domin ɗaga zanen duka sama ko saukar da shi ƙasa ba ya hana shi komowa kuma ba ya sa shi komowa.

Mitar wutar lantarki da ke jikin bangon gida tana aiki da wannan ƙa'ida dare da rana. Ƙarfin turin wutar, wanda ake aunawa da bolt, yana bin siffar sin, rabin zagaye yana turi gaba, rabi yana turi baya, matsakaicinsa kuma sifiri ne, saboda haka da shi mita ke tarawa da ba ta taɓa cin ko kwabo ba. Abin da take tarawa shi ne ƙarfin aikin da na'ura ke sha, wanda a kayan ɗumama irin su dutsen guga yake bin sin²x. Shi kuwa sin²x daidai yake da (1 − cos 2x) / 2, wanda ke nuna abubuwa biyu lokaci guda: tsawon zagayensa rabin na asali ne, wato yana bugawa sau 100 a sakan, kuma matsakaicinsa rabi ne ba sifiri ba. Intigiral ɗinsa x/2 − (sin 2x)/4 ne, layi mai hawa da 'yar igiya a kansa. Dutsen gugar da aka rubuta wa wat 1000 a haƙiƙa yana tashi daga sifiri zuwa wat 2000 ya sake faɗowa sau ɗari a kowane sakan, amma bayan awa ɗaya ɓangaren miƙaƙƙen layin ya tara jul miliyan 3.6, wato yunit ɗaya da ake biya wa kuɗi, yayin da ɓangaren mai zagaye bai taɓa kai jul 2 ba. Wannan rabin shi ne kuma dalilin da ya sa wutar da ake kira bolt 230 take haurawa zuwa kimanin bolt 325 a ƙololuwar kowane zagaye, domin 230 ɗin an same ta ne daga raba ƙololuwar da √2.

A cikin taransifoma kuwa akasin haka ake buƙata. Bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831, turin wuta a naɗin waya yana tafiya ne da saurin sauyin maganaɗisun da ke ratsa ƙarfen tsakiya, wanda hakan ke nufin maganaɗisun intigiral ne na turin. Muddin matsakaicin turin sifiri ne, maganaɗisun yana kai da komowa a cikin iyakarsa. Da zarar wata 'yar wuta mai tafiya gefe guda ta kutsa cikin layin, sai maganaɗisun ya karkata gefe ɗaya har ƙarfen ya ƙoshi ya kasa ɗaukar ƙari, daga nan taransifoma ta shiga zuƙar wuta fiye da kima tana zafi. Irin wannan ne ya faru a lardin Kwibek na Kanada ranar 13 ga Maris 1989, lokacin da guguwar maganaɗisu daga rana ta cusa irin wannan wutar a cikin dogayen layuka, har wuta ta ɗauke wa miliyoyin mutane na kimanin awa tara.

Misalin da ya fi nuna sharaɗin matsakaici a sarari yana cikin jadawalin lokutan salla. Duk wanda ya duba lokacin zawali na shekara guda zai ga ba ya tsayawa wuri ɗaya: a Kano rana tana kaiwa tsaka wajen ƙarfe 12:10 a farkon Nuwamba, amma wajen 12:40 a tsakiyar Fabrairu, alhali matsakaicin lokacin wajen 12:26 ne. Asalin abin shi ne tazarar da ke tsakanin zawalin yau da na gobe ba awa 24 cif ba ce. Saboda hanyar da duniya ke bi wajen zagaya rana ba da'ira ce cikakkiya ba, tana ƙara sauri a farkon Janairu lokacin da ta fi kusa da rana, tana kuma rage shi a farkon Yuli, sannan saboda ta karkata da kimanin digiri 23.4, wannan tazarar takan zarce awa 24 da kusan sakan 30 a ƙarshen Disamba, ta kuma gaza da kimanin sakan 21 a tsakiyar Satumba. Waɗannan 'yan sakan ɗin su ne f, matsawar zawali a kan agogo kuma ita ce F, tarin da suka yi rana bayan rana. Daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu, kimanin kwana ɗari, kowane yini yana ƙara 'yan sakan, har su taru su zama rabin awa.

Abin lura shi ne yadda ƙololuwar ɗaya take faɗawa a kan sifirin ɗaya. A farkon Nuwamba da tsakiyar Fabrairu, lokacin da zawali ya fi nisa da matsakaicinsa, tsawon yini daidai yake da awa 24, shi ya sa jadawalin yake kamar ya tsaya cik na wasu kwanaki. Wajen 25 ga Disamba kuwa, lokacin da zawali yake faɗawa daidai kan matsakaicinsa, a nan ne yake gudu mafi sauri, minti ɗaya a kowane kwana biyu. Dalilin da ya sa jadawalin bana yake amfani baɗi shi ne matsakaicin waɗannan 'yan sakan a shekara sifiri ne, kuma ba sa'a aka ci ba, da gangan aka zaɓi awa 24 ta agogo ta zama matsakaicin yinin shekara. Inda zaɓin ya ɗan kuskure, ƙa'idar ba ta yafewa: tun da aka koma auna sakan da agogon atom, matsakaicin yini ya ɗan zarce sakan 86,400 da abin da bai wuce 'yan kashi cikin dubu na sakan ba a yawancin shekaru, amma wannan ɗan ragowar ya yi ta taruwa har sai da aka ƙara wa agogon duniya sakan 27 ɗaya bayan ɗaya tsakanin 1972 da ƙarshen 2016.

Joseph Fourier, wanda ya miƙa aikinsa kan yaɗuwar zafi a Faris a 1807 ya kuma wallafa shi littafi a 1822, ya ba da hanyar ganin wannan duka a jere guda. Ya nuna yadda ake rubuta fanshin mai zagaye a matsayin lamba tsayayya haɗe da sin x da cos x, da sin 2x da cos 2x, da sin 3x da cos 3x, haka har ba iyaka, kowane da nauyinsa. Lambar tsayayyar nan ita ce matsakaici. Deribatif yana shafe ta, intigiral kuma yana mayar da ita mx, sauran sassan kuwa duk suna ci gaba da zagayensu. Bayan haka, deribatif ɗin sin nx shi ne n cos nx, intigiral ɗinsa kuma −(cos nx)/n, wato deribatif yana ninka kowane sashe da yawan bugunsa, intigiral yana raba shi da shi. Shi ya sa injiniyoyi ke ɗari-ɗari da ɗaukar deribatif ɗin bayanan da aka auna da na'ura, domin ƙaramar hayaniya mai saurin bugu takan kumbura ta rufe abin da ake nema, yayin da intigiral yake lallashe ta.

Sai dai wannan rabawar tana da nata haɗarin idan bugun mai jinkiri ne ƙwarai, domin raba abu da ƙaramar lamba ƙara masa girma yake yi. Masu nazarin taurari na ƙarni na 17 da na 18, ciki har da Edmond Halley, sun lura cewa Mushtari, wato Jupita, yana ƙara sauri, Zuhal kuma yana rage nasa, har aka yi fargabar cewa wannan miƙaƙƙen layi ne da wata rana zai wargaza tsarin taurarin. Pierre-Simon Laplace ya warware matsalar a 1785. Mushtari yana zagaya rana a shekara 11.86, Zuhal a shekara 29.46, don haka zagaye biyar na farkon sun kusa daidai da biyu na ɗayan, kimanin shekara 59 ke nan, ɗan bambancin da ya rage kuma yana haifar da wani jan juna mai rauni wanda tsawon zagayensa kusan shekara 900 ne. Da yake sai an yi intigiral sau biyu kafin a tashi daga ƙarfin ja zuwa matsayin tauraro, sau biyu ake raba wannan rarraunan sashen da ƙaramar lamba, har ya girma ya iya gusar da Zuhal daga inda ake tsammaninsa da abin da ya fi faɗin farin wata. Abin da aka ɗauka layi ne ashe gefen igiya ce mai tsawon gaske, wadda 'yan ƙarnukan da aka yi ana aunawa da kyau ba su isa a ga lanƙwasarta ba.

Kuskuren da ke juye da wannan, wato ɗaukar layi mai hawa a matsayin abu mai zagaye, ya fi samun ɗalibai, kuma wasu manhajojin kwamfuta ma suna jefa mai amfani da su a cikinsa. A ɗauki 1 / (2 + cos x). Hanyar da aka saba koyarwa ita ce a sa t = tan(x/2), wadda take kaiwa ga amsa (2/√3) arctan[tan(x/2) / √3]. Idan aka ɗauki deribatif ɗin wannan amsar, ana dawowa kan fanshin na asali, don haka a ido ba ta da aibi. Amma idan aka sa x = 2π da x = 0 aka ɗebe, sakamakon sifiri ne, domin tan π da tan 0 duka sifiri ne, alhali fanshin da ake tarawa bai taɓa yin ƙasa da 1/3 ba kuma bai wuce 1 ba, saboda haka tarinsa a zagaye guda ba zai gaza 2π/3 ba, kimanin 2.09. Matsalar tana x = π, inda tan(x/2) yake tafiya sama ba iyaka ya ɓullo daga ƙasa, amsar kuma ta yi tsalle daga π/√3 zuwa −π/√3, ta zubar da duk abin da ya kamata zagayen ya tara. Amsar daidai ce a tsakanin −π da π kawai, kuma duk wanda zai ƙetare π sai ya mayar mata da tsallen da ta yi. Ɗalibin da ya fara da tambayar ko matsakaicin fanshin sifiri ne zai gane tun kafin ya taɓa alƙalami cewa amsa mai zagaye ba za ta yiwu a nan ba. Tarin gaskiya daga 0 zuwa 2π shi ne 2π/√3, kimanin 3.63.